Giyar Inna a Ƙwaryar Gwaggo

A ƙauyenmu, can ƙasar Ngaski a bakin ruwa, ba a shan giyar sabuwar dawa sai Baba ya sa mata baki. Ba sarauta ba ce. Babu wanda ya naɗa masa rawani, ko hular kirki ma ba shi da ita. Harshe kawai Allah ya ba shi, garin kuma ya yarda da harshen. In an gama girbi dawa ta shiga rumbu, kowace mace mai dafa burkutu takan ɗebi sabuwar dawarta ta yi dahuwar fari. Ranar da giyar ta tashi, da hantsi, sai su ɗauko ta a ƙwarya su kai gindin ɗorawar da ke bayan gari. Dattawa su zauna a kan saiwoyi, a zuba wa ƙasa nata saboda kakanni, sannan a riƙa miƙa wa Baba ƙwarya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ya faɗi ta ɗaya, ya faɗi ta biyu, sauran kuma ya bar su da Allah. Wadda ta zo ta ɗaya ita ke dafa giyar bikin bayan girbi, kuma har wata kakar in ta wuce sai an nuna ta da baki.

Kallon Baba yana ɗanɗano shi kansa biki ne. Tun ana gobe yake ƙaurace wa barkono da goro da taba, ya zama mutum mai wuyar zama, ko kaza ce ta gilma sai ya yi mata faɗa. In an miƙa masa ƙwarya ba ya kai ta baki kai tsaye. Kunne yake fara kai mata, domin giyar da ta tashi sosai tana 'yar ƙara kamar yayyafi a kan jinka. Sai ya shinshina. Sai ya karkata ƙwaryar ya ga yadda kumfa ke bin gefe. Sannan ya guntsa, ya rufe ido, gashin bakinsa yana motsi, mata suna tsaitsaye kowace hannu a ƙugu wai ita ba ta damu ba.

"Wagga an yi mata gaggawa," yakan ce. "Tsiron bai bushe ba anka kai shi niƙa."

Ko ya ce, "Wagga da ruwan famfo anka yi ta. Tsabta gare ta, amma ba ta san gulbi ba."

Wata shekara ya guntsi ta wata amarya, ya buɗe ido ya ce, "Ɗiyata, ke da maigidanki kun yi hwaɗa ranar dahuwa ta biyu. Kin bar wuta kin tahi rama magana, gindi ya kama." Amaryar ta rufe fuska da gefen zane, mijin ya sunkuyar da kai, aka yi ta dariya har wata tsohuwa ta ƙware. Ko da yake don sanin wannan ba a bukatar harshe, duk unguwa ta ji su.

Baba a gungu aka haife shi, a tsakiyar gulbi, kafin dam ya tare ruwa tsibiran su nutse a kwaso mutane zuwa tudu. Daga Gungawa yake, Inna kuma daga Kambari, shi ya sa Hausa muke yi a gida. Bai tsaya kan giyar garinmu kaɗai ba. Ranar kasuwar Wara yakan bi rumfunan bayan kasuwa yana kurɓa, ba don ya bugu ba, ban taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. In ya ji labarin wata sabuwar mai dahuwa a tsallake, sai ya shiga kwalekwale. Ya dawo da yamma ya baje mana labari, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Ta wajen Shanga, in ji shi, tsami gare ta, mutanen can so suke giya ta mare su. Ta masunta kauri gare ta, ludayi na iya tsayawa a ciki, domin su abinci suka ɗauke ta. Ta gero ba ta da laifi, sai dai ba ta daɗewa a baki, kana haɗiyewa ka manta. Akwai wata mata a hanyar Birnin Yauri da ke haɗa jar dawa da fara, ya yi shekaru yana tunanin ko dabara ce ko ƙarancin dawa.

Wani ɗan ƙanensa da ke aiki a birni ya taɓa kawo masa ta kwalba kala-kala, har da wata baƙa da aka ce sabuwar fitowa ce. Baba ya sa aka juye kowace a ƙoƙo, ya yi musu duk abin da yake yi wa na gari, har da kai kunne. Ya ce farar tana da ladabi, ba ta shiga inda ba a kira ta ba. Baƙar kuma ya ce tana da gardi, wanda ya soya dawar ya san aikinsa. Sannan ya tambaya daga wane gari matar da ta dafa take. Da aka ce masa inji ne ke yi, sai ya ce, "To in ta ɓaci, wa aka yi wa magana?"

Duk wannan yawon da yake yi, giyar da ta fi kowace tana cikin gidansa. Ba don uwata ce na faɗa ba, in ma don ita ce to Allah ya sa kowa ya samu irinta. Inna takan jiƙa jar dawa a randa, ta tsame, ta shimfiɗa a tabarma cikin ɗaki ta rufe da ganye, tana yayyafa ruwa har ta tsira. Ta shanya tsiron sai ya bushe ƙayau, sai ta tauna ƙwaya ta ji ta fashe sannan a kai niƙa. Ruwa kuwa sai na gulbi, kuma ba na bakin gaɓa inda shanu ke shiga ba. Ta dama, ta dafa, ta bari ya kwana ya yi tsami, ta sake dafawa. Dahuwa ta biyun nan ita ce wahala. Yini guda tana tsaye kan tukunyar ƙasa da muciya, hayaƙin marke na shiga idonta, hawaye na zuba, ba ta yarda kowa ya karɓe ta. Durom ɗin ƙarfe da wasu suka koma amfani da shi, ita ta ce ba za ta dafa abin shan mutane a gidan kalanzir ba. In ya huce sai ta ɗauko ɗan tulun da take ajiye ragowar tsohuwar giya, abin da muke kira iri, ta zuba ta rufe. Kafin ta zuba irin takan ɗebar mana, mu yara, lokacin zaƙi ne zalla kamar kunu. Manya kuwa cewa suke in ka sha ta Inna zaƙi ne ke fara gaishe ka, tsami ya biyo baya, sannan gardi ya zauna maka a maƙoshi har ka isa gida.

Amma kowace shekara, in aka miƙa wa Baba ƙwaryar Inna, sai ya guntsa, ya ɗan jima, ya ce, "Ba laihi." Shi ke nan. A ƙarshe ya ce ta wance ce ta ɗaya, ta gidana ta biyu. Ta ɗaya tana canzawa, bana wannan baɗi waccan. Ta biyu ba ta taɓa motsi ba. Gari ya san dalili. Namiji mai kunya ba ya yabon matarsa a bainar jama'a, balle wanda aka ba amanar hukunci. Abin har ya zama barkwanci. In baƙo ya zo yana neman giya mai kyau, sai a ce masa ya tambayi gidan ta biyu.

A gindin ɗorawa Inna dariya take yi tare da kowa. A gida ne muke ganin ragowar. Takan zauna ta wanke ƙwaryar nan tana dirza kamar ƙwaryar ce ta yi mata laifi, ranar kuma miya takan yi gishiri. Abin yana ci mata rai, kuma da na girma na gane ba bikin ne ke damunta ba, ba kuma cinikin ba. So take ta ji daga bakinsa, ko sau ɗaya. Na taɓa ce mata, "Inna, ai kowa ya san taki ta fi."

Ta ce, "Ba kowa ni aura ba."

Ni bakin dangin Inna na gado, ba na iya ganin abu in yi shiru. Na tare Baba yana gyaran taru na ce masa wannan ba adalci ba ne. Ya ce alƙali ba ya shari'ar gidansa. Na ce to ya daina sa ta ta biyun ma mana, ya bar ta cikin sauran. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, ƙarya ma tana da iyaka." Ya ci gaba da ɗinkin tarunsa. Haushinsa na ji a ranar, kuma in faɗi gaskiya har yau in na tuna ina ɗan ji.

Sai zamani ya yi ta juyawa. Na yi aure a Yelwa, na musulunta, giya ta fita daga rayuwata, sai dai hanci ba ya manta abin da ya tashi a cikinsa. A ƙauye wasu gidaje suka koma masallaci, wasu suka shiga cocin da ya hana sha. Samari suka koma wa ta kwalba da 'yar ta leda mai ƙona ciki. Matan da ke cika gindin ɗorawa da ƙorai suka ragu har ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Inna da Baba ba su canza ba, kuma ba su taɓa yi mini gori ba. In na zo gida Inna takan ware mini ƙoƙon da giya ba ta taɓa shiga ba, Baba kuma shi ke tuna mini in lokacin salla ya yi, wani lokacin ma tun bai yi ba.

Hayaƙin ne ya ci idon Inna. Ta fara zuba ruwa a gefen randa, tana kiran jikanta da sunan wani. Na kai ta asibiti a Yelwa, likita ya duba ya ce in tana son ragowar ganinta to ita da hayaƙi sun yi bankwana. Ta saurare shi da ladabi. A hanyarmu ta komawa ta ce mini ta ji, za ta bari, amma sai ta yi ta bana. Na san ba a musu da Inna a kan tukunya, don haka da aka gama girbi na ɗauko kayana na zo taya ta.

A nan Gwaggo ta shigo maganar. Ba mu haɗa jini da ita ba, ƙawar Inna ce tun suna amare, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya hutawa, shi ya sa kusan kullum giyarta takan ɗan yi ƙauri. Tana kan wuta sai ta hango wata za ta rijiya, ta bi ta da labari har gindin tukunya ya kama. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, ba ta taɓa zuwa ta biyu ba, kuma abin bai taɓa hana ta barci ba. A shekarar nan irinta ya lalace, Inna ta ɗebar mata nata, ruwa kuma wuri guda muka ɗebo musu.

Baba ba ya taɓa giyar gida kafin ranar ɗanɗano. Da an ɗora tukunya yakan koma wajen ƙanensa da zama. Don haka da safiyar ranar mu uku ne a tsakar gida. Ƙwaryar Inna kowa ya san ta, mai zanen kifi a gefe da ɗinki inda ta taɓa tsagewa. Ta Gwaggo mai baƙin baki ce. Ina tsaye na ga Inna ta laluba ludayi ta cika ƙwaryar Gwaggo da giyarta, Gwaggo kuma ta juye tata a mai zanen kifi.

Na ce, "Inna, mene ne haka?"

Ta ce, "Abin da kinka gani."

"Baba zai gane. Mutumin da ke gane itacen da aka yi wuta da shi?"

"In ya gane ma ya hi," in ji ta. "Ƙwaryar ba ta gidanai ba ta. Kunyar wa za shi ji? Shi yabi ƙwaryar maƙwabta son ranai, ni na san abin da ke ciki, shi ma ya sani. Tawa ƙwaryar kuwa ya ce ba laihi kamar kullum, ta saba."

Gwaggo ta ce, "Ni mi za ni rasa? Ƙwaryata tun da anka hwahe ta ba ta taɓa jin yabo ba, bari ta ji ko na aro."

Na duba dabarar gaba da baya ban ga inda take yoyo ba. Inna ƙofa ta buɗe masa, ya faɗi gaskiya ba tare da ya zubar da kunyarsa ba. Har na ji daɗi a raina, na ce yau dai tsohon nan ya shiga hannu.

Gindin ɗorawa ba kamar da ba. Dattawa kaɗan ne suka rage, saiwoyi da yawa babu kowa a kansu. Wasu samari suna gefe suna ɗauka da waya. Na tsaya ɗan nesa da hijabina, iska tana kawo mini ƙamshin ƙuruciyata. Ana bin ƙorai ne bisa ga wadda ta riga zuwa garin da aure, don haka bayan wata tsohuwa sai Inna, sannan Gwaggo. Aka zuba wa ƙasa nata. Baba ya ɗanɗana ta tsohuwar, ya ce hannu na nan, wuta ce ta yi ƙaranci.

Aka miƙa masa mai zanen kifi. Ya kai kunne. Ya shinshina, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya guntsa, amma bai rufe ido ba. Inna yake kallo, tana tsaye tana ƙifce-ƙifce da tsumma a hannu tana goge ruwan da ba ya daina zubo mata. Ya daɗe da giyar a baki kafin ya haɗiye. Muna jiran ba laihi.

Ya ce, "Jama'a, shekara da shekaru ina sa wagga ta biyu, kun kuma san dalili. Yau ba ni jiran ƙarshe. Ta gidana ita ta ta ɗaya. Na sha ta tsallake, na sha ta tudu, ban taɓa shan irinta ba."

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Dattawa suka yi ta dariya suna cewa tsufa ya kashe kunya. Mata suka yanyame Inna suna rungumarta. Gwaggo kuwa baki ta buɗe, kuma a karo na farko a rayuwarta babu abin da ya fito. Inna tana tsaye ƙiƙam a tsakiyarsu. Maganar da ta yi shekaru tana jira ta fito, a gaban gari, da muryarsa, a kan giyar wata.

Aka miƙa masa mai baƙin baki. Ya kai kunne, ya shinshina, sai ya tsaya cak. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Gwaggo, ya dubi Inna. Na ga lokacin da ya gane. Amma magana zarar bunu ce. Ya riga ya ba da ta ɗaya, kuma ba a taɓa jin mai ɗanɗano ya janye hukunci ba. In ya tona, ya kunyata matarsa da ƙawarta a gaban samari masu waya, ya kuma nuna wa gari cewa shi da kansa ya yabi mai ƙauri. Ya guntsa, ya rufe ido. Ban taɓa ganin ya daɗe haka a kan ƙwarya ba.

"Ba laihi," ya ce, muryarsa a dishe.

Da aka gama sauran ya ce mai baƙin baki ce ta biyu. Wani dattijo ya ce wa Gwaggo barka, bana ta bar hira ta kama wuta. Ta ce, "Awo, na gode," tana kallon ƙasa. Garin neman ƙiba Inna ta samo rama. Ko da ta sauya ƙwarya, giyarta ta biyu ta zo. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na ɗauki ƙorai na yi gaba.

Baba bai dawo gida ba sai bayan azahar. Ya tarar da Inna zaune a gefen murhun da ya mutu, ina kusa ina tsince wake. Bai yi faɗa ba. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya ce, "Uwar yara, zubo min taki." Ta zubo masa daga tukunya. Ya riƙe ƙwaryar bai sha ba.

"Wa yac ce ki yi haka?"

"Ba kowa. So nika in ji."

"To kin ji."

"Na ji ana yabon ta maƙwabta," in ji Inna. "Kai da kaka gane ruwan famfo, ka kasa gane ba hannuna ba na?"

Ya ce, "Irinki na a ciki, ruwanki na a ciki. Sai nij ji ƙauri. Wata da watanni ina kallon ki kina zuba ruwa gehen randa. Nic ce shi ke nan, ido ya tahi, wuta ta kama ba ta gani ba. Nic ce ta ƙarshe ta, ba za a ce ta ƙare da ƙauri ba ina raye. Da na ce ba laihi, dattawan ga za su kurɓa bayana su ji, su yi ta yi miki tausai. In kuwa na ce ta ɗaya, ba wanda ka musa min."

Wake ya tsaya mini a hannu. Tausayinsa ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, domin na san abin da harshen nan yake a wurinsa, kuma ya jefar da shi a gaban gari don ya rufa mata asiri.

Inna ta ce, "To da ban musanya ba fa? Da tawa ta a ƙwaryata, ka ji ta yadda take, mi za ka ce?"

Baba mutum ne da ba ya iya ƙarya sau biyu a yini ɗaya. Ya ce, "Ta biyu."

"Ko ta ƙarshe ta?"

"Giyakki ba ta taɓa bukatar bakina ba. Mai ƙahwa ba a ba shi sanda."

Inna ta juyo da fuskarta wajensa, idon nan jajaye. Ta ce, "Ita ba ta bukata. Ni hwa?"

Ya buɗe baki, sai ya dube ni. Na gane. Ko da zai iya faɗa, ba zai faɗa a gaban 'yarsa ba. Na ajiye faifan wake, na ɗauki tulu na ce za ni gulbi, alhali randa cike take. Na zauna a bakin ruwa ina kallon masunta suna jan taru har rana ta yi sanyi. Da na dawo na tarar da su yadda na bar su, shi a kan turmi ita a gefen murhu, suna maganar akuyar da ta shiga gonar wani. Ban tambaya ba.

Giyar bikin shekarar Gwaggo ce ta dafa ta a tsakar gidanmu, Inna tana zaune can nesa da hayaƙi tana ba da umarni, da sanda a hannu don kada Gwaggo ta bi wata da hira. Gari ya ɗauka taya Inna kawai Gwaggo take yi. Ni kuwa na ce adalci ne, tunda dai tata ce ta ci. Mu huɗu muka san zancen, kuma Gwaggo, wadda ba ta iya riƙe labarin haihuwar kaza, ta riƙe wannan har kabarinta. Baba bai ƙara zama a gindin ɗorawa ba. Da wata kakar ta zo ya ce harshensa ya tsufa, a nemi wani. Ba a samu wani ba, al'adar ta mutu a hankali ba tare da an yi mata zaman makoki ba.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko Inna ta zauna da ni a Yelwa. A lokacin ba ta gani sai inuwa-inuwa. Wata rana ina taje mata kai a ƙofar ɗaki, maƙwabta suna dama kunun dawa, ƙamshin ya tsallako katanga. Ta ɗaga hanci ta ce jar dawa ce, amma an yi mata gaggawa. Muka yi dariya. Sai na samu ƙarfin halin tambayar abin da na daɗe ina riƙe da shi.

Na ce, "Inna, ranar nan da na tafi gulbi, ya faɗa?"

Ta ce, "Bai hwaɗi ba."

"Ko kalma ɗaya?"

"Ya shanye, yam miƙo min ƙwarya. Niƙ ƙara mai. Ya shanye, yak koma miƙowa. Mutumin da bai taɓa wuce kurɓi ba."

Na ce, "To ai amsar ke nan, Inna. Ya faɗa miki ke nan."

Ta kama hannuna da ke riƙe da matajin ta tsayar da shi.

"Na sani, ɗiyata," in ji ta. "Tun ina amarya na sani. Ji nika so in yi."